Littattafan nazari da irin jingar da ta dace da ɗaliban adabin Hausa na aji uku

Malama Hadiza, Tudun Wada:
Assalamu alaikum, iyayena malamai da 'yan'uwa abokan aiki. Ina koyar da adabin Hausa a aji uku na babbar sakandare, kuma akwai abin da ya tsaya mini a rai tun makon jiya. Na ba ɗalibaina jinga a kan littafin Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, na ce kowa ya bayyana dangantakar da ke tsakanin taurarin labarin biyu, Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, ya kuma kafa hujja daga cikin littafin. Da na zauna duba takardun sai na tarar fiye da rabin ajin sun rubuta cewa Malam Zurƙe ƙanen Alhaji Imam ne, da jimla iri ɗaya, har wurin da aka ɗiga waƙafi bai bambanta ba. Duk wanda ya karanta littafin ko sau ɗaya ne ya san a hanya suka gamu, suka yi ta ƙulla wa juna tuggu daga wannan gari zuwa wancan. Da na bi diddigi sai na gano cewa daga wani ɗan littafin taƙaitawa da ake sayarwa a bakin ƙofar makaranta suka kwaso amsar, kuskuren wanda ya rubuta shi ya zama kuskuren yara arba'in.

Ban ga laifinsu gaba ɗaya ba, domin ɗalibai 64 gare ni, kwafin littafin kuwa guda 7 ne a hannunmu. Tambayata kashi biyu ce. Waɗanne littattafai ne ya kamata malami da ɗalibi su riƙe a wannan mataki, kuma wace irin jinga ce za a bayar wadda yaro ba zai iya yin ta ba sai ya buɗe littafin da kansa?

Malam Garba, Unguwar Sarki:
Wa alaikumus salam. 'Yata Hadiza, Allah ya yi miki albarka da kika kawo wannan magana. Na yi shekara talatin da biyar ina koyar da wannan darasi kafin in ajiye alli, kuma abin da zan fara gaya miki shi ne, rashin littafi ba sabon ciwo ba ne, mun sha fama da shi. Maganin da muka samu shi ne karatu a bayyane cikin aji. Ki raba su rukuni bakwai, kowane rukuni da kwafinsa, ki ware darasi ɗaya cikin mako wanda ba a yin komai a cikinsa sai karatu, yaro ya tashi ya karanta shafi guda sauran suna saurare. Ruwan Bagaja ƙaramin littafi ne, za ku sauke shi cikin 'yan makonni. Wannan hanya kuma ta dace da shi ƙwarai, domin Abubakar Imam ya gina labarin ne a bakin mutumin da ke zaune gaban jama'a yana ba su labarin yawonsa. Kunne yana kama daɗin Hausarsa fiye da ido.

Kada kuma ki bar su su karanta shi babu tarihinsa. Su san cewa a shekarar 1933 Hukumar Talifi da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai, kuma daga wannan yunƙuri ne aka samu Ruwan Bagaja, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East ɗin. Su san cewa Abubakar Imam ɗin nan shi ne ya zo ya rubuta Magana Jari Ce, ya kuma zama editan Hausa na Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939. Yaron Kaduna ya fi kowa haƙƙin sanin wannan, tunda duk abin nan a Zariya aka yi shi, tafiyar da ba ta fi ta sa'a ɗaya da 'yan kai a mota ba.

Game da littattafan malami, ni dai guda huɗu ba sa barin teburina. Akwai Hausa a Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya, wanda ya fito a 1988, shi ne madogara a tarihin rubuce-rubucen Hausa. Akwai Rabe-Raben Adabin Hausa na Abdulƙadir Ɗangambo, wanda zai daidaita miki bambancin adabin baka da rubutacce. Akwai Jagoran Nazarin Waƙar Baka na Sa'idu Muhammad Gusau. Sai Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, na 2006, wanda ke fassara Hausa da Hausa, kuma shi ne zai raba gardama idan aka ci karo da tsohuwar kalma.

Malam Isiyaku, Rigasa:
Baba Malam, Allah ya ƙara girma. Ban isa in yi jayayya da ku a kan darajar karanta littafi ba, amma ina roƙon a duba halin da malamin aji uku yake ciki. Zangon farko ne kawai cikakke a hannunmu. Da an shiga zango na biyu sai rajista da jarrabawar gwaji da shirin JAMB su cinye lokaci, kafin ka ankara WAEC ta ƙwanƙwasa ƙofa, NECO na biye da ita. Darasin kuwa minti arba'in ne, kuma adabi ba shi kaɗai ne a takardar Hausa ba, ga nahawu, ga insha'i, ga fassara, ga al'adu. Idan na ware darasi guda kowane mako don karatu a bayyane, ina zan sa waƙa da wasan kwaikwayo?

Saboda haka ni ban ɗauki littafin taƙaitawa a matsayin abokin gaba ba. Wanda Malama Hadiza ta ci karo da shi gurɓatacce ne, amma malami zai iya rubuta nasa mai inganci ya raba wa yara: jigo, warwarar jigo, zubi da tsari, salo, taurari. Sannan tambayoyin shekarun baya su ne suka fi komai amfani a wurina, domin suna koya wa yaro yadda ake tambaya da yadda ake amsawa cikin lokaci. Uban da ya biya kuɗin jarrabawa da kyar sakamako yake jira, kuma yana da gaskiya.

Hajiya Binta, Badarawa:
Ni ba malama ba ce, uwa ce, 'yata tana aji uku a bana. Malam Isiyaku ya faɗi gaskiya cewa sakamako muke jira, sai dai ina so malamai su ji abin da ke faruwa bayan yaro ya dawo gida. Ana aiko mana da sunan littafi a tsakiyar zango, a ce a kawo shi ranar Litinin, alhali da an ba mu jerin littattafan shekara gaba ɗaya tun lokacin hutu, da mun saya ɗaya bayan ɗaya ba tare da mun ji nauyi ba. Na biyu, jingar da aka ce a kawo gobe zalunci ce ga yarinyar da za ta dawo daga boko ta wuce Islamiyya, ta dawo ta kama aikin gida, ga shi ba kullum ake samun wuta da dare ba. Irin wannan matsi shi ke sa ta karɓi wayata ta nemo amsa a intanet ta kwafe. Na zauna na karanta Jiki Magayi tare da ita a hutun da ya wuce, muka yi ta gardama a kan ko Abubakar yana da hujjar ramuwar da ya yi bayan an raba shi da Zainabu, da kuma laifin me Kyauta ya yi da abin ya faɗa kansa. Abin da ta faɗa a wannan hira ya fi duk abin da na taɓa gani a takardun jingarta hankali. A ba su lokaci, malamai, mako guda ko biyu.

Nura, ɗalibin jami'a, Zariya:
Malamaina, ina neman izini in sa baki, ko da yake ni ne ƙarami a nan. Ina aji biyu a sashen Hausa, kuma ban daɗe da barin irin ajin da ake magana a kansa ba. Na ci jarrabawata da taƙaitawa da tambayoyin baya, kamar yadda Malam Isiyaku ya bayyana, amma ranar da aka miƙo mini waƙar da ban taɓa gani ba a jami'a aka ce in fitar da amsa-amonta, wato sautin da baitocinta ke ƙarewa da shi, da adon harshenta, sai na rasa ta inda zan fara. Na haddace ma'anar kamance da siffantawa da jinsintarwa, amma ban taɓa tono su da kaina daga cikin baiti ba.

Abin da ya buɗe mini kai shi ne saurare. Wani malaminmu ya sa aka rera mana Arewa Jamhuriya ko Mulukiya ta Sa'adu Zungur, sai ga amsa-amon "ya" yana faɗowa a kunne ba tare da an nuna shi a allo ba, kuma da aka yi mana bayanin muhawarar da ake yi kan makomar mulkin Arewa kafin samun 'yancin kai a 1960, sai jigon ya fito fili. Haka Imfiraji ta Aliyu Namangi, wadda almajirai da makafi suka daɗe suna rerawa, ba a yi mata adalci idan aka karanta ta kamar jarida. A ɓangaren waƙar baka kuwa, Bakandamiyar Narambaɗa da waƙoƙin Mamman Shata da na Ɗanmaraya Jos suna nan a wayoyin mutane, malami zai iya kunna su a aji, yara su ji bambancin kotso da kalangu da kuntigi, su ji inda jagora ya tsaya 'yan amshi suka karɓa.

Ina kuma jan hankali game da manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ɗalibai suka koma wa yanzu. Na gwada tambayar ɗaya daga cikinsu a kan wani littafin Hausa da na sani sarai, sai ta jero mini sunayen taurarin da babu su a littafin, cikin Hausa mai santsi da za ta ruɗi wanda bai karanta ba.

Alhaji Mudi, mai sayar da littattafai:
Malamai, ni a kasuwar Sheikh Abubakar Gumi nake, kuma ta hannun irinmu littattafan nan suke bi. Tsofaffin littattafan da ake magana a kansu yawancinsu bugun kamfanin ɗab'i na NNPC (Northern Nigerian Publishing Company) na Zariya ne, wanda aka kafa a 1966, kuma idan makaranta ta haɗa buƙatarta wuri guda, ta ce kwafi hamsin ko ɗari take so, ana samun rangwamen da uba ɗaya ba zai samu ba. Abin da nake gargaɗi a kai shi ne bugun sata. Yana da araha, amma sau da yawa za ka tarar shafuka sun ɓace a tsakiya, ko an buga babu ƙugiya a haruffa, ƙ ta koma k, ɗ ta koma d, yaro ya tashi bai san bambancin ƙafa da kafa ba. Kafin a biya kuɗi a buɗe littafi a ƙirga shafukansa. Kuma a zo mana da takardar manhajar da hukumar jarrabawa ta fitar ta shekarar da yaro zai zauna, domin ana sauya jerin littattafai lokaci zuwa lokaci, na sha ganin uba ya sayi abin da yayan yaro ya karanta ya dawo yana neman canji.

Malama Hadiza, Tudun Wada:
Na gode ƙwarai, Baba Malam, Hajiya, Alhaji, da ƙanena Nura. Malam Isiyaku, na yarda lokaci ya yi mana kaɗan, amma ina ganin taƙaitawar da malami ya rubuta ma tana da haɗarinta, domin yaro zai haddace jigon da na ba shi, ya maido mini da shi, in ba shi maki a kan tunanina. Ga abin da nake shirin gwadawa, ku gyara mini.

Jinga ta farko ita ce, kowane ɗalibi zan ba shi shafi daban, ko rabin shafi, ya kwafe sakin layi ɗaya da hannunsa, ya fitar da karin magana ko salon da ke ciki, ya faɗi abin da ya faru kafin wurin da abin da ya biyo baya. Tunda shafin kowa daban ne, babu wanda zai kwafi na wani, kuma babu littafin taƙaitawar da zai cece shi. Ta biyu ita ce kwatance. Alhaji Imam yana ba da labarin kansa, Shaihu Umar ma yana zaune gaban almajiransa yana ba da labarin kansa tun daga Kagara har ƙasar Larabawa, amma ɗaya yana ba ka dariya da dabarunsa, ɗaya kuwa yana sa ka juyayin bauta da rabuwar uwa da ɗa. Zan ce su bayyana yadda halin mai ba da labari ya sauya yanayin labarin, da misali uku daga kowane littafi tare da lambar shafi. Zan ba su mako biyu, kamar yadda Hajiya ta nema.

Malam Isiyaku, Rigasa:
Malama, tsarin yana da kyau a takarda, amma wa zai duba? Jinga 64 kowace da shafinta daban tana nufin sai kin buɗe littafi sau 64, kuma na san ba wannan ajin kaɗai kike ɗauka ba. Na taɓa gwada makamancin haka, na kai mako uku ban mayar wa yara takardunsu ba, jingar da ba a duba ta da wuri ba kuwa amfaninta ya ragu. Shawarata ita ce ki rage shafukan zuwa bakwai, kowane rukuni da nasa, amma kowane yaro ya rubuta amsarsa shi kaɗai, sannan ranar karɓa ki kira mutum biyu daga kowane rukuni ba tare da sanarwa ba, su kare abin da suka rubuta da baki. Wanda ya kwafa ba ya iya jure tambaya biyu a jere. Maki kuma ki bayyana musu rabonsa tun farko: kaza na hujja daga littafi, kaza na tsarin bayani, kaza na ƙa'idojin rubutu. Har yanzu dai ina nan a kan bakana cewa daga tsakiyar zango na biyu a koma kan tambayoyin baya, a riƙa amsa su cikin aji ana duba agogo.

Malama Rahila, Kakuri:
Ina so in ƙara wani abu da ba a taɓo ba. Ajina ba kamar na Tudun Wada ko Rigasa ba ne. Ina da yaran Gbagyi da Bajju da Atyap da Adara da Yarabawa, duk suna jin Hausa kamar ruwa a kasuwa da unguwa, amma Hausar Imam ko ta Aƙilu Aliyu a Fasaha Aƙiliya wata duniya ce a wurinsu. Gaskiya ma, har yaran da Hausa ce harshen gidansu a cikin garin Kaduna ba su san kalmomin sarauta da na noma da na fatauci da ke cikin littattafan nan ba. Abin da nake yi shi ne, kowane ɗalibi yana da ƙaramin littafin rubutu da muke kira ƙamusuna, duk kalmar da ta gagare shi ya rubuta ta da jimlar da ta fito a ciki, ya tambayi dattijo a unguwa, sannan mu tabbatar a ƙamus. Ina duba shi sau biyu a zango ina ba da maki.

Wasan kwaikwayo kuma ba na koyar da shi a zaune. Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi ko Uwar Gulma na Mohammed Sada, a raba fitowa-fitowa, kowane rukuni ya taka tasa a gaban aji. Yarinyar da ta fito a matsayin wata tauraruwa ba ta mance halinta a ɗakin jarrabawa.

Malam Garba, Unguwar Sarki:
Malama Rahila, wannan ƙamusun naki ya burge ni, kuma ya tuna mini jingar da na fi alfahari da ita a zamanin koyarwata. A hutun zangon farko nakan ce kowane yaro ya je wurin kakarsa ko wata tsohuwa a unguwa ya ɗauko tatsuniya guda, ya rubuta ta yadda aka faɗa masa, tun daga "ga ta nan ga ta nanku" har "ƙurunƙus", da waƙar da ke ciki idan akwai, sannan ya bayyana jigonta da halin Gizo ko Ƙoƙi ko wanda ya fito a ciki. A irin ajinki sai ki bar yaro ya ɗauko ta da harshen gidansu ya mayar da ita Hausa, kin ga ya yi adabin baka ya yi fassara a aiki ɗaya. Za ki yi mamakin yadda tatsuniya ɗaya take zuwa da fuska uku daga gidaje uku, kuma daga nan ne yaro yake gane abin da ake nufi da cewa adabin baka ba shi da tsayayyen matani.

Malam Isiyaku, ban ƙi tambayoyin baya ba, ɗana. Abin da na gani cikin shekarun da na yi shi ne, yaron da ya karanta littafi yakan koyi dabarar amsa tambaya cikin mako uku, wanda bai karanta ba kuwa da an juya tambayar kaɗan sai ya ruɗe. A sa su a ƙarshe kamar yadda ka ce, amma kada a fara da su.

Akwai kuma Gidan Arewa da ke kan titin Rabah, tsohon gidan Sardauna, wanda yake cibiyar bincike ce ta Jami'ar Ahmadu Bello. Suna da ɗakin karatu da tsofaffin takardu da rubuce-rubucen ajami. Idan makaranta ta rubuta takardar neman izini ta kai 'yan aji uku, ko sau ɗaya ne, yaron da ya ga waƙar Hausa a rubuce da ajami zai fahimci cewa rubutun Hausa ya girmi boko nesa ba kusa ba.

Hajiya Binta, Badarawa:
Baba Malam, maganar kuɗin motar zuwa Gidan Arewa da ta haɗa kuɗi a sayi littattafai a dunƙule, zan kai su taron iyaye da malamai na makarantar su 'yata a ƙarshen wata. Ina roƙon Alhaji Mudi ya rubuto mana farashin kwafi hamsin na ingantaccen bugu, domin in je da lissafi a hannu. Ina kuma ba da shawarar cewa duk ɗalibin da ya gama jarrabawa a roƙe shi ya bar wa makaranta littattafansa, a buga musu hatimi, 'yan baya su gada.

Malama Hadiza, Tudun Wada:
Na ɗauki gyaran Malam Isiyaku, shafi bakwai za a yi, da kare amsa da baki, rabon maki kuma zan rubuta shi a allo ranar da zan ba da jingar. Karatu a bayyane zai fara ranar Laraba, ƙamusuna kuma daga mako mai zuwa, tatsuniya sai hutu. Baba Malam, Hausa a Rubuce ne ba ni da shi, na nema a ɗakin karatun makarantarmu ban samu ba. Idan za ku ara mini naku na mako biyu, zan aiko ƙanena ya karɓa.

Malam Garba, Unguwar Sarki:
Ki aiko shi ranar Asabar bayan la'asar, 'yata. Zan haɗa miki da kwafi uku na Shaihu Umar da suke ajiye a akwatina, bangon ɗaya ya yage amma shafukansa cikakku ne.